Wai mun yi wa Chindo adalci kuwa?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya da daddare a majalisarmu ta Unguwar Sarki wani yaro ya ɓata min rai, wai ana lissafa 'yan ƙwallon da Kaduna ta haifa, aka ce Yekini aka ce Amokachi aka ce Babangida da Babayaro, ni kuma na ce ku sa Garba Lawal, wato Chindo, sai yaron nan ya dube ni ya ce wai waye haka. Wallahi sai da na ajiye kofin shayina. Yaro haifaffen garin nan, ya san sunan golan Arsenal na uku amma bai san Chindo ba. To na kawo ƙara nan, ku gaya min, laifin yaran ne ko namu ne da ba mu ba su labari ba?

Abba Madrid: Wa alaikumussalam Baba. Ni dai na san sunan, shi ne wanda golan Sifen ya taimaka wa ya ci ƙwallo a kofin duniya na 98 ko? 😂

Baban Khalifa: Ka gani ko. Ga irinsu nan sun fara fitowa.

Abba Madrid: Allah ya huci zuciyarka Baba, ba raini ba ne. Amma a faɗi gaskiya, in ana maganar Super Eagles ta wancan lokacin Okocha ake gani, Kanu ake gani, shi ban taɓa cin karo da bidiyonsa yana yanka mutum uku ba. Wace babbar ƙungiya ya buga wa a Turai?

Nura Mai Waya: Bari in taimaka da tarihin kafin a fara faɗa. An haife shi a nan Kaduna ranar 22 ga Mayu 1974. Ya buga wa Julius Berger ta Legas, daga nan Esperance ta Tunisiya, sai Roda JC ta Holan daga 1996 zuwa 2002, nan ne ya fi daɗewa. Bayan nan Levski Sofia a Bulgeriya, sai ya zaga Suwidin da Fotugal da Girka har ƙasar Sin kafin ya dawo gida. To Abba, amsarka ita ce bai buga wa Madrid ɗinka ba, Roda ce babbar tasharsa.

Abba Madrid: Roda kuma? Yau na fara ji.

Kawu Ilu Kakuri: Yau ka fara ji saboda jiya aka haife ka. Yaro bari in gaya maka, ita Rodan nan da kake wa dariya daga can Tijjani Babangida ya tashi ya tafi Ajax, a shekarar da Babangida ya bar ta a shekarar Garba ya shige ta, ɗan Kaduna ya fita ɗan Kaduna ya shiga. Kuma yana can suka ɗauki kofin ƙalubale na Holan har sau biyu, 1997 da 2000, a ƙasar da Ajax da PSV da Feyenoord suka kankane komai. Ƙungiyar ƙaramin gari ce, Kerkrade, can bakin iyakar Jamus. Bature ba ya ajiye ka shekara shida yana biyanka don kana da kyan fuska.

Nura Mai Waya: Kawu ka manta 2002 ma, Rodan ta je San Siro ta ci AC Milan ɗaya da nema a kofin UEFA, sai a bugun fenareti aka fitar da su.

Kawu Ilu Kakuri: Ban manta ba ɗana, yatsa ne ya gaji, ni da ɗan yatsa ɗaya nake rubutun nan.

Sadiq Barca: To ni dai a koma kan ƙwallon Sifen ɗin nan don ita ce ake ta yi mana gori da ita. Na kalle ta ya fi sau goma. Mutumin nan kuros ya yi, ba raga ya nufa ba, ƙwallon ma gaban gida za ta gitta ta wuce, golansu Zubizarreta ne ya sa hannu ya tura ta ciki. Cin gida ne, a rubuce ma wurare da yawa cin gida aka sa.

Baban Khalifa: Sadiq ina kake a ranar?

Sadiq Barca: Ina goye 😂

Baban Khalifa: To saurara ka ji daga wanda ya gani da idonsa. Ranar Asabar ce, 13 ga Yuni 1998, kwana biyar da rasuwar Abacha, gari duk wani iri, kowa na magana ƙasa-ƙasa ba a san me zai faru ba. Wasan kuma da rana aka buga wajen azahar, a garin Nantes. Mu a gidan wani maƙwabcinmu muka kalla, falo cike har taga, talabijin ɗin nan mai ƙaton ƙeya. Hierro ya fara cin mu da bugun tazara, ko minti biyar ba a yi ba Mutiu Adepoju ya farke da ka. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci Raul ya ƙara mana, wallahi falon nan ya yi tsit kamar an yi mutuwa, wasu har sun fara sa takalmi. Sifen fa ake magana, da Hierro da Raul da Luis Enrique, ana lissafa su cikin masu iya ɗaukar kofin. Haka muka yi ta jan jiki har wajen minti 73, sai ga lamba 11 ya ɓullo ta hagu ya kutsa har kusan layin ƙarshe ya buga ta ƙasa-ƙasa. Ni a lokacin ban ga hannun kowa ba, raga kawai na ga ta motsa, na tsinci kaina a tsakar gida ba hula. Minti biyar bayan nan Oliseh ya saki wannan tsawar daga nesa. To ka gaya min, in da Garba bai ɗauki ƙwallon nan ya shiga da ita ba, hannun Zubizarreta me zai tura? Iska?

Sadiq Barca: Ban ce bai yi ƙoƙari ba Baba, na ce dai ba tashi ba ce.

Maman Ihsan: Ku maza da musu. Ni ina 'yar shekara goma sha biyu lokacin, abin da na tuna shi ne tuwon rana ya ƙone a gidanmu a Tudun Wada don yayata ta bar tukunya ta tafi leƙen taga, Inna ta yi ta faɗa, Baba kuma ya ce a ƙyale ta yau ko gawayi aka ba shi zai ci. Kuma unguwarmu ba sunan Oliseh aka fi kira ba a ranar, Chindo ake ta ihu, yara na bin titi suna buga gwangwani. Ko cin gida ne ko cin waje ne mu dai namu ne ya jawo ta.

Koci Ɗanjuma Rigasa: Hajiya kin gama magana. Amma ku ba ni dama in ɗan yi tsawo don wannan fannina ne, shekara goma sha ina fama da yara a fili. Ni a wurina wannan musun na ƙwallon Sifen shi ne ma babban rashin adalcin da ake wa mutumin nan, an ɗauki shekara goma na aiki an ƙulle a daƙiƙa biyar, kuma daƙiƙa biyar ɗin ma ba su ne aikinsa ba. Shi ba maciyin ƙwallo ba ne, ɗan tsakiya ne mai ƙafar hagu, irin wanda ke share wa wasu hanya. Ku duba ƙungiyar 98 ɗin da kyau. Babayaro lamba uku ne amma rabin wasan yana gaba, hawa yake kamar ɗan gaba. Okocha in ya karɓi ƙwallo sai ya gama nishaɗinsa, kuma in ta ƙwace ba shi zai bi ta ba. Finidi na can dama. To in Babayaro ya hau aka ƙwace ƙwallo wa zai koma ya toshe ramin da ya bari? In Okocha ya yi yanka biyu na uku ya ƙi, wa zai fara tarar wanda ya ƙwace kafin ya iso kan Oliseh da su Taribo? Wannan gudun da ba kamara a kanka, ka hau ka sauko ka hau ka sauko minti casa'in, shi ne abincin Garba. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa Abba ba zai same shi a bidiyon minti biyu mai kiɗa ba, don ba wanda ke yanka bidiyon mutum yana komawa baya a guje ya tsaya a inda ya kamata har abokin hamayya ya fasa ba da fasin. Fasin ɗin da ba a bayar ba ai ba ya fitowa a talabijin.

Abba Madrid: Koci wato kamar Casemiro kenan a lokacin su Modric da Kroos?

Koci Ɗanjuma Rigasa: Ka kusa amma ba daidai ba. Casemiro lamba shida ne zaunanne, a wancan lokacin Oliseh ne ke wannan kujerar. Garba ya fi kama da ɗan aiken gida, yau a sa shi gefen hagu, gobe a tsakiya, in lamba uku ya samu matsala a ce koma baya ka riƙe mana, kuma ya koma ba gunaguni. Kowane koci na son irin wannan a jakarsa.

Nura Mai Waya: Ni fa ina da ja a nan. Ba na musun ƙoƙarinsa amma kada son gida ya rufe mana ido. Ya buga wa ƙasa wasa sama da 50, ƙwallayen da ya ci ba su kai goma ba. Kuma in an duba, lamba 11 ɗin nan ta Amuneke ce, ciwon gwiwa ne ya hana Amuneke zuwa Faransa. Da lafiyarsa ƙalau anya Garba zai ga fili?

Kawu Ilu Kakuri: Da. Da ai ba ta gina gida Nura. Amuneke gwani ne ba mai musu, shi ya ci mana Ajantina a wasan ƙarshe na Olamfik a Atlanta, shi ya ci biyu a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 94 a Tunisiya. Amma ciwo na cikin sana'ar, kuma rashin jin ciwo da kama kai shi ma baiwa ce. Ƙofa ta buɗe yaro ya shiga, sai kuma aka kasa fitar da shi shekara takwas. Mutum nawa aka buɗe wa irin wannan ƙofar suka leƙa suka fito?

Ɗan Kawo: Ni bari in faɗi abin da ake faɗa a bayan fage tunda kowa na kewaye-kewaye. Akwai masu cewa rabon yanki ne ya riƙe shi, wai dole a ga ɗan Arewa a cikin sha ɗayan farko shi ya sa ba a taɓa ajiye shi. Ba ni na ce ba, amma na sha ji, har a gidan kallo a nan Kawo wani ya taɓa faɗa min.

Baban Khalifa: Yauwa, dama na san za a zo nan. Ɗan Kawo ƙirga da ni. Atlanta 96, Bonfrere, Bature ɗan Holan. Faransa 98, Bora Milutinovic, wanda bai san Kawo daga Kakuri ba. Kofin Afirka na 2000, Bonfrere ya dawo ya sake ɗaukarsa. Mali 2002, Shuaibu Amodu. Kofin duniya na 2002, Onigbinde. Tunisiya 2004, Christian Chukwu. Masar 2006, Eguavoen. Koci shida, manyan gasa bakwai, Turawa biyu 'yan gida huɗu, kowa da halinsa kowa da yaransa, wasu ma ba sa ga maciji da juna, amma duk wanda ya zo in ya rubuta sunaye sai ka ga Garba a ciki. Duk rabon yanki ne? To Roda fa, su ma rabon yankin suke yi a Holan?

Koci Ɗanjuma Rigasa: Ƙara masa da wannan. Bayan Mali 2002 da aka kori Amodu aka yi wa ƙungiyar wankin babban bargo, aka ajiye kyaftin Oliseh, aka ajiye Finidi, aka ajiye Babangida. Babangida ɗan ina ne? In don a ga ɗan Arewa ne ai shi ya fi suna, ɗan Ajax ne, shi ya ci Afirka ta Kudu biyu a Legas a 2000. Amma shi aka bari a gida aka tafi Japan da Garba.

Ɗan Kawo: Na karɓa. Dama cewa na yi ana faɗa.

Malam Habu (admin): Jama'a a ci gaba amma a kiyaye, kada maganar ta koma ta yanki ko ƙabila, dokar gidan nan ta hana. Ƙwallo muke.

Sadiq Barca: To tunda an ambaci Japan, me aka yi a can? Batistuta ya ci mu, Larsson ya ci mu biyu, muka yi canjaras da Ingila muka dawo da maki ɗaya. A 98 ɗin ma da ake ta yabo Denmak ta yi mana huɗu da ɗaya, yana cikin fili ai. Ina toshe ramin yake a ranar?

Kawu Ilu Kakuri: Kai yaron nan ka taɓo min gyambo. Daren Denmak ban ci abinci ba. Mu duk hankalinmu ya tafi kan Burazil a zagaye na gaba, ana ta cewa za a maimaita Atlanta inda muka fitar da su, kafin mu gyara zama an zura mana biyu cikin minti goma sha biyu. Amma wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, gida ne ya rushe gaba ɗaya tun daga gola har gaba, in rufi ya faɗo ba ka tambayar bulo ɗaya me ya sa bai riƙe ba. Ƙwallo ɗayan da muka samu ma Babangida ne ya ci, ɗan garin nan.

Maman Ihsan: Kawu a bar tuna Denmak don Allah, har yanzu in na ji sunan Laudrup sai gabana ya faɗi.

Nura Mai Waya: To bari in yi adalci tunda ni na kawo maganar ƙarancin ƙwallaye, na koma na duba waɗanda ya ci ɗin kuma gaskiya ba na banza ba ne. Mali 2002, wasan kwata fainal da Gana a Bamako, an yi ta fama ba ci har saura kamar minti goma, shi ya ci, ɗaya da nema muka wuce. Tunisiya 2004 shi ya fara cin Benin a wasan rukuni. Masar 2006 wasan neman na uku da Sanagal, shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo, ita ma can ƙarshen wasa. Wato gasar Afirka uku a jere yana ci.

Baban Khalifa: Allah ya yi maka albarka Nura. Ka ga ta Gana ɗin nan ita ce ni a wurina ta fi ta Sifen, don ba hannun kowa a ciki, Sadiq ba shi da abin cewa. Kuma Gana ce fa, kun san yadda muke da su, ka ci kowa ka bar Gana ba ka yi komai ba.

Sadiq Barca: Wannan na ba shi 😂 duk wanda ya kori Gana ɗan'uwana ne.

Abba Madrid: Amma fa duk tagulla ce Baba. Na uku, na uku, na uku. Mu a Madrid na biyu ma makoki ne.

Koci Ɗanjuma Rigasa: Mu a Madrid. Abba ko Abuja ka taɓa kwana? 😂 Ka lissafa da kyau, zinaren Olamfik a 96, azurfa a 2000, tagulla uku a 2002 da 2004 da 2006. Kuma azurfar 2000 ɗin nan kowa ya san yadda aka yi, a Surulere, Kamaru na gaba da biyu ta hannun Eto'o da Mboma muka farke, Raphael Chukwu da Okocha, aka je fenareti Ikpeba ya buga ta daki ƙarfen sama ta faɗa bayan layi alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba. Da akwai na'urar da ake dubawa yanzu da wani zancen ake. Sannan kada ka manta ba mu je gasar 96 a Afirka ta Kudu ba saboda rigimar siyasa, aka kuma dakatar da mu daga ta 98, wato lokacin da tawagar ke kan ganiyarta gasa biyu suka wuce su a banza. Wannan asarar ta shafi su duka har da shi.

Kawu Ilu Kakuri: Ku tsaya ku ji wani abu da yaran yanzu ba su sani ba. Tawagar Atlanta mutum 18 ce. A cikinsu biyar 'yan garin nan ne, Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel gola, sai Garba Lawal. Biyar daga gari ɗaya! A wasan ƙarshe da Ajantina ƙwallo uku muka ci, biyu 'yan Kaduna ne suka ci, Celestine da Amokachi. Kuma ba daga sama suka faɗo ba. Lokacin masaƙu na aiki a Kakuri, kamfanoni na da ƙungiyoyi, Yekini ma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. Ranchers Bees ta garin nan ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu kofin ƙalubale a 1988, mu da muke fitowa daga aikin safe ko gida ba ma zuwa sai filin wasa, ka sayi rake da gyaɗa ka zauna. Kowace unguwa da filinta, kowace firamare da fili, yaro zai buga tun la'asar har a kira magariba a kore shi da bulala. Musulmi da Kirista ƙungiya ɗaya, ba wanda ke tambayar sunanka in dai kana ba da fasin. Yanzu filayen duk an yanka an yi shaguna, masaƙun kuma sai ƙadangaru.

Maman Ihsan: Kawu ka sa ni kewar Kadunar da. Filin da yayyena ke bugawa yanzu gidan mai ne.

Koci Ɗanjuma Rigasa: Kawu maganar fili gaskiya ce, mu yanzu ƙungiya uku ke rabon fili ɗaya, wasu safe wasu yamma. Amma abin da ya fi damuna ba filin ba ne, kan yaran ne. Duk yaron da ya zo wurina lamba goma yake so ko bakwai ko tara. Ka ce masa zo ka riƙe min tsakiya ka yi makin sai ya ɓata rai kamar ka zage shi, wani ma washegari ba za ka sake ganinsa ba ya koma wata ƙungiyar da za a bar shi ya yi yanka. Akwai wani yaro da nake da shi, huhu kamar na doki, ba ya gajiya, na ce masa kai Allah ya ba ka abin da zai kai ka nesa in ka yarda ka yi wa wasu aiki. Ya ce shi Koci so yake a san shi. Na ce to zauna, na ba shi labarin Chindo tun daga Berger har Masar, na ce wannan bai yi rabin sunan Okocha ba amma duk inda aka je da Okocha an je da shi, har 2006 yana da shekara 31 yana fili ɗaya da Mikel Obi da ke ɗan 18 a gasarsa ta farko. Yaron ya yi shiru. Yana nan dai har yanzu, wani lokacin ya ji wani lokacin shaiɗan ɗin yanka ya motsa.

Ɗan Kawo: Koci ai laifinku ne ku ma, in masu neman 'yan wasa suka zo wanda ya ci ƙwallo kuke nuna musu.

Koci Ɗanjuma Rigasa: Ba ka yi ƙarya ba. Su ma ɗin abin da suke tambaya kenan.

Nura Mai Waya: Wani abin kuma da zan ƙara, bayan ya bar Turai bai ɓace ba, ya taɓa aiki da Lobi Stars ta Makurɗi, ya kuma riƙe janar manaja na Kaduna United. Wato dai gida ya dawo.

Baban Khalifa: Shi ya sa abin ya ƙona min rai jiya. Da a ce mutumin ya tare a Landan ne sai in ce yaran na da uzuri.

Abba Madrid: To Baba tsakani da Allah, in aka ce ka jera 'yan tsakiyar Najeriya na kowane zamani, na nawa za ka sa shi? Kada ka ce gaban Okocha don zan fita daga gidan nan.

Baban Khalifa: Ba zan ce ba, ni ba mahaukaci ba ne. Okocha daban, Oliseh daban, Mikel ya ɗauki kofin zakarun Turai da na Afirka ba a haɗa shi da kowa a tarin kofuna, kafin su kuma akwai Muda Lawal wanda Kawu zai fi ni bayani. A gwaninta zalla Garba ba ya gaban ko ɗaya a cikinsu. Amma in aka ce min gobe akwai wasa na mutuwa ko rayuwa a waje, fili ba kyau, rana na dukan ƙeya, alƙalin wasa ba namu ba, ka zaɓi mutum uku a tsakiya, wallahi sai na rubuta sunansa kafin in fara tunanin sauran biyun.

Kawu Ilu Kakuri: Muda kam a bar shi, Allah ya jiƙansa. Wannan sai an ware masa rana guda, yatsana ba zai iya yau ba.

Sadiq Barca: Ni har yanzu ina nan kan bakata, ta Sifen cin gida ce. Amma ta Gana da ta Sanagal na sallama.

Maman Ihsan: Sadiq kai dai da taurin kai kamar ƙanina. Je ka tambayi Zubizarreta ko waye ya sa shi cin gidan.

Abba Madrid: Na nemo cikakken wasan Sifen ɗin a YouTube, awa ɗaya da rabi ne da wani abu, Koci na ce zan bi lamba 11 kawai da ido in ga wannan hawa da saukar da kake faɗa. In na ga ƙarya zan dawo in faɗa.

Koci Ɗanjuma Rigasa: Ka lura da duk lokacin da Babayaro ya wuce tsakiya, ka duba wa ke bayansa. Kuma kada ka yi ta tsallakewa.

Abba Madrid: Datata ba za ta kai ba yau, saura 300MB. Baban Khalifa tunda kai ka kawo ƙarar a taimaka wa yaro da ko 1GB ne 🙏

Baban Khalifa: Ka ji ɗan banza. Turo lambar ta akwatina, amma wallahi in na ji ka kalli Madrid da ita sai ka biya ni.

Malam Habu (admin): An kira magariba a nan Malali. Kawu, Asabar mai zuwa muna jiran na Muda Lawal, ka fara ɗumama yatsan tun yanzu.